Na Gaji da Shi

Zuwa ga Gwaggona,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da gwiwar nan taki, da kunnen da ya hana mu waya. Sau biyu na kira ki, ke kina "wa ke magana?" ni ina ihu, har maƙwabciyarmu ta buga bango. Shi ya sa na koma takarda. Ke dai malama ce, ki yi haƙuri da rubutuna, kada ki ɗauko jan biro.

Na san kin ji faɗuwar Maigidan a bakin Yayansa, kuma na san Yaya, "da sauƙi" kawai zai ce. Ga yadda abin yake. Yana kan tsani yana gyaran rufin wani shago, ƙafar tsanin ta zame a kan ƙanƙara. Ƙugu ya karye, wuyan hannun dama ma ya karye. An yi aiki, an sa ƙarfe, kwana tara aka sallamo mu. Mutum huɗu suka hauro da shi hawa na uku a kan kujera, yana ta ba su haƙuri kamar shi ya gina benen. Likita ya ce sai wata uku zai taka. Yau kwana ashirin da shida.

Na ɗauki hutu a gidan gugar da nake aiki. Da safe in dafa ruwa, in goge masa jiki da tawul a ƙarƙashin bargo, ɓangare-ɓangare, in na gama hannu in rufe kafin in buɗe ƙafa. Sai in juya shi, in shafa masa mai a baya, in ba shi shayi da cokali domin hagunsa ba ta san hanyar baki ba. Sauran kuma kin sani, kwalba da fo. Shekara goma sha ɗaya da aure, ban taɓa ganin mutumin nan ya rufe fuska da filo ba sai yanzu. Ni ma sai in riƙa yi wa labule magana har mu gama.

Hita ɗaya gare mu, tana ɗakinsa, ƙofa kuma a rufe take don kada ɗumin ya gudu. Saboda haka na ba shi cokali, in yana sona sai ya buga ƙarfen gado. Bakinsa kam bai karye ba. Jiya ina toshe kafar taga da tsumma, yana daga kwance yana cewa ba haka ake yi ba. Na ce to Malam Kafinta, taso ka nuna mini. Ya yi dariya har ƙugun ya tuna masa.

Sanyin bana kuwa ba a magana. Ruwa ya daskare a bututu sau biyu, wanki kwana uku bai bushe ba, ina dafa abinci da safa biyu a ƙafa. Maigidan yana cikin bargo uku, ni ina ta kai-kawo tsakanin kicin da ɗaki. Shi ke tashe ni tun da asuba, shi ke hana ni zama wuri ɗaya, ko ƙofa ba na iya leƙawa saboda shi. Wallahi Gwaggo, na gaji da shi.

Ki sa mu a addu'a. Maigidan yana gaishe ki, ya ce a faɗa miki har yanzu ya fi ki tsawo ko a kwance.

Taki,
Auta

*

Autata,

Wa alaikumus salam. Lafiyata lau, gwiwa tana nan da halinta, kunne kuwa na sallama shi. Allah ya ba Dogo lafiya, ya sa kaffara ce. Ki ce masa tsawon ne ya ja masa, gajere ba ya faɗowa daga nesa.

Wasiƙarki ta iso ranar Talata. Sau uku na karanta. Ban ɗauko jan biro ba, amma na ja layi da farce a ƙarƙashin jimla ɗaya, kin san wacce. Auta, ni na raine ki bayan rasuwar mahaifiyarki, na san ki. Yarinyar da ta taka ƙusa ta yi kwana biyu ba ta faɗa ba, in ta buɗe baki ta ce ta gaji da mijinta, to abin ya kai maƙura. Ban ga laifinki ba ko kaɗan. Jinya ba wasa ba ce, ke kaɗai, a saman bene, ba dangi kusa.

Ni kuma ba zan naɗe hannu ina kallo ba, tunda ni na tsaya a kan auren nan. Na sa maƙwabciyata ta kira mini Yayansa, ni ina faɗa, ita tana saurara tana maimaita mini amsarsa. Ban ɓoye masa komai ba, na ce yarinya ta gaji, a kawo mata ɗauki tun abu bai lalace ba. Mutumin kirki ne, bai ja ba. Gidansa a ƙasa yake, ba bene, ga matarsa, ga ɗaki a buɗe. Ya ce da zarar hanya ta yi kyau, ƙanƙara ta saki, zai zo da mota ya ɗauki ƙanensa, ya riƙe shi har ya miƙe. Yana sa ran ƙarshen wata.

Ke kuma ki koma aikinki, ki huta, ki mai da jiki. Ba sai kin gode mini ba. Ki riƙa shafa mai a hannu, ruwan sanyi yana tsaga fata.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina fatan kina lafiya. Ni dai ba lafiya ba, kuma ki yafe mini in harshena ya yi kaifi.

Sanyi, Gwaggo! Sanyi nake nufi! Ki ɗauko takardar ki duba, da maganar sanyi na fara. Haba Gwaggo, ke da kika shekara talatin kina koya wa yara karatu?

Bari ki ji abin da ya faru kafin wasiƙarki ta iso, domin waya ta riga ta. Ranar Laraba ina kicin na ji Maigidan yana amsa kira, "To Yaya. To. Na ji." Da na shiga na tambaya, ya ce gaisuwa ce. Daga ranar cokali ya yi shiru. Ni sakara har murna nake, na ce sauƙi ya fara samuwa. In kai shayi ya kurɓi biyu ya ce ya ƙoshi. In kai ruwa ya ce ba ya jin ƙishi, ai sanyi ake yi. Wasan da yake mini ya daina, sai "sannu" da "na gode", kamar baƙon da aka sauka a gidan mutane.

Kwana shida ana haka. Ranar Talata nas ta zo duba ɗinki. Ta ɗaga kwalbar ta duba a hasken taga, ta kalli leɓensa duk ya bushe, ta juyo ta ce mini, "Ba kya ba shi ruwa ne?" A gabansa, Gwaggo. Na rasa inda zan sa fuskata. Shi ya yi caraf ya ce laifinsa ne. Ashe ƙin sha yake don kada ya kira ni in kawo kwalba. Da ta tafi na zo canja zanin gado, na tarar da tawul a dunƙule a bayan katifa, a jiƙe. Ya yi ƙoƙarin janyo fo da hagu shi kaɗai, ya zube, ya ɓoye. Mutum mai shekara arba'in da huɗu.

Washegari wasiƙarki ta zo, na karanta a tsaye a bakin akwatin wasiƙu. Na hau da gudu na ce masa kuskure ne, sanyi na ce, ba shi ba. Ya ce, "Na sani," fuskarsa a bango. Na ce in ka sani ka sha ruwa. Ya sha, kamar mai shan magani.

Yanzu Yaya ya ji, matar Yaya ta ji, maƙwabciyarki da ban taɓa gani ba ta ji, cewa Auta ta gaji da mijinta a kwana ashirin da shida. In aka zo aka sauke shi daga benen nan a kan kujera mutane suna kallo, da wane ido zan sake duban danginsa? Shi kuma da wace zuciya zai dawo gidan da aka fitar da shi don ya yi nauyi? Na kira Yaya na rantse masa, ya ce ba komai, zai dai zo ya gani da idonsa.

Ke kika ɗaura, ki taimaka ki kwance.

Auta

*

Autata,

Gaisuwa da ban haƙuri. Lafiyar jiki akwai, amma kwana biyu abinci bai wuce mini ba.

Na ɗauko takardar, na sa tabarau, na bi ta da yatsa kamar 'yar aji ɗaya. Gaskiyarki. Da sanyi kika fara. Shekara talatin da biyu ina buga tebur ina ce wa yara su nemo wanda ake magana a kansa kafin su buɗe baki, ga shi na faɗi a abin da nake kayar da su. Kuma ban tsaya nan ba, sai da na kai wa maƙwabciya. Jiya ta leƙo tana tambayar "yarinyar nan mai miji a kwance", na ce ta je ta duba tukunyarta. Kunya ta ishe ni, Auta. Da tsufana.

Ban san abin da ya rufe mini ido ba. Ko kuma na sani. Marigayi mijina ya yi shekara biyu a kwance a hannuna, kina ƙarama ba za ki tuna ba. Ina jin abin da ke cikina na karanta a takardarki. Wannan tsakanina da ke.

Ga wata 'yar takarda nan na saka a ciki, ta Dogo ce. Na rubuta da manyan baƙaƙe. Na faɗa masa laifina ne, tsohuwa ce ta karanta ba daidai ba, na kwafe masa layukanki yadda suke, na rantse masa da Allah cewa matarsa sanyi take nufi, ba ta taɓa gajiya da shi ba. Ki ba shi a hannu, ko ki karanta masa. Dogo yana jin maganata. Yayan kuma na aika masa, amma kin san shi, in ya ce zai zo sai ya zo.

Ki yafe wa Gwaggonki.

*

Auta,

Lafiya kuwa? Mako biyu ke nan ba amsa. Kullum ina zaune a bakin ƙofa ina jiran mai kawo wasiƙu, har ya fara gaishe ni tun daga nesa da hannu wofi. In fushi ne ki rubuto ki zage ni, na cancanta. Kin ba Dogo takardar? Yana shan ruwa?

Gwaggo

*

Gwaggona,

Ina gaishe ki. Maigidan yana shan ruwa, an cire filastar hannu, yana iya zama in an jingina shi. Ba fushi nake ba. Sau huɗu ina fara wasiƙar nan ina yagawa.

Ban ba shi takardarki ba. Tana cikin aljihun rigar sanyina, duk ta yamutse. Na kai ta har bakin ƙofar ɗakin, sai idona ya faɗa kan rantsuwar da kika yi, na kasa. Ba zan sa ki rantse a kan abin da ni kaina ba zan iya rantsewa ba.

Akwai abin da ban faɗa miki ba game da ranar da na rubuta wasiƙar farko. Da hantsi na sauka sayen burodi da sabulu, na ce masa minti goma. Na dawo, na hau hawa na ɗaya, na hau na biyu, sai na jiyo cokali. Kwas, kwas, kwas. Gwaggo, ƙafata ta tsaya. Na ajiye leda, na zauna a kan matakala. Simintin kamar ƙanƙara, amma ban ji ba. Yana bugawa, ya yi shiru, ya sake bugawa, ni ina zaune ina kallon takalmina. Ban yi kuka ba, ban ji tausayi ba. Abin da na ji kawai shi ne daɗin babu mai taɓa ni, babu mai cewa kawo. Har na ce a raina, da zan sauka in miƙe titi in yi ta tafiya fa? Sai da maƙwabciya ta buɗe ƙofarta na tashi. Na duba agogo, minti arba'in. Na shiga na ce masa layi na tarar a shago.

Da la'asar ɗin ranar na zauna na rubuta miki. Da na ce sanyi nake nufi, ban yi ƙarya ba, da shi na fara. Amma yanzu in na maimaita layukan a kaina, ban san a ina sanyin ya tsaya ba. Na yi miki tsawa a kan karatu, alhali ke kaɗai kika karanta ni. Ni ya kamata in nemi gafara.

Ina son mutumin nan, Gwaggo, Allah ya sani. Shi ya sa abin yake ci na. Wace irin mace ce za ta ji mijinta a karye yana kira ta zauna tana kallon takalmi?

Hanya ta buɗe. Yaya zai zo Asabar. Na wanke kayan Maigidan na goge, ban sa a jaka ba, ban kuma mai da su cikin kwaba ba. Suna nan a kan kujera.

Auta

*

Gwaggona,

Gaisuwa mai yawa. Ban jira amsarki ba, na san kina can zuciya a rataye. Ga takardar da kika rubuta wa Maigidan nan na mayar miki, bai karanta ba.

Ranar Juma'a da rana ina yi masa aski, na ga in ban faɗa ba a lokacin ba zan taɓa faɗa ba. Ina bayansa, ba ya ganin fuskata, shi ya ba ni ƙarfi. Na faɗa masa duka, matakala, minti arba'in, ƙaryar layi. Na gama na tsaya da almakashi a hannu ina jiran abin da zai biyo baya.

Ya ce, "Ai na sani. Na san takunki. Na ji kin hau na ɗaya, kin hau na biyu, kin tsaya."

Na ce, "To me kake so ranar, da kake ta bugawa?"

Can ya ce, "Ba komai. Tsoro na ji kada ki sauka."

Gwaggo, a nan na zauna a ƙasa cikin gashin da na aske, na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka kira ni daga asibiti. Shi ma ya ce kunya yake ji, ya san ina hutawa ne, ya hana ni. Muka bar askin rabi, har yau gefe ɗaya ya fi ɗaya.

Asabar Yaya ya iso da hantsi, da bargo da filo a bayan mota, ya shirya tsaf. Aka gaisa, aka sha shayi. Ya dubi ƙanensa ya ce, "To, mu tafi?" Maigidan ya ce, "Ita za ta faɗa." Suka zuba mini ido su biyu. Da na so, sai in ce lafiya lau muke, tsohuwa ce ta yi kuskure, Yaya ya koma, sunana ya wanku. Bakina har ya ɗauko hanyar. Sai na ji kaina ina cewa, "Yaya, abin da aka faɗa maka gaskiya ne, na gaji. Amma ba zan ba da shi ba. In za ka taimake ni, ka riƙa zuwa kana karɓata ko yini ɗaya ne." Ina faɗa ina kallon ƙafar tebur, kunnuwana kamar an sa musu wuta.

Yaya ya miƙe. Ya tuɓe rigar sanyinsa ya rataye, ya naɗe hannun riga, ya ce in nuna masa yadda ake juya shi. Na nuna masa. Ya yi ba daidai ba, Maigidan ya ce, "Yaya, ba buhu ba ne," suka yi dariya. Sai Yaya ya ce in je falo in zauna.

Zama na je yi, wallahi zama kawai. Ban farka ba sai bayan la'asar, an lulluɓa mini bargon da aka kawo don ɗaukar Maigidan. Ni, barci da rana tsaka, baki buɗe, yayan mijina yana cikin gida! Na tashi a firgice na nufi banɗaki, sai na tarar da fo a kife a gefen famfo, an wanke shi tas. Yaya, Gwaggo, da furfurarsa.

Ya tafi kafin magariba, motarsa ba kowa a baya. Na raka shi har ƙasa, ban iya ɗaga ido na dube shi ba. Ya ce zai dawo Asabar mai zuwa, ban ce masa a'a ba.

Taki,
Auta